Yadda 'Yan Zuhudun Turai Suka Rubuta Tarihin Coci, da Inda Alƙalami Yake Zamewa

A tsohon kundin gidan zuhudu na Saint Gall, a ƙasar da yau ake kira Siwizalan, ga abin da aka rubuta gaban shekarar 709: hunturu ya yi tsanani, basarake Gottfried ya mutu. Gaban 710: shekara ta yi wuya, amfanin gona ya yi ƙaranci. Gaban 711 ba komai, lambar shekara ce kawai tsaye ita kaɗai. Gaban 712: ambaliya ko'ina. Da aka zo 732, shekarar da Charles Martel, jagoran Faransawa na lokacin, ya gwabza da rundunar Musulmin Andalus, yaƙin da marubutan baya suka cika littattafai da shi, layi ɗaya aka ba shi: Charles ya yaƙi Sarasin a Poitiers ranar Asabar. Ko wanda ya yi nasara ba a faɗa ba.

Mai karatu na yau zai ce wannan ai ba tarihi ba ne, kuma bai yi ƙarya ba. Sai dai da irin waɗannan guntayen layuka aka gina babban ɓangaren jerin shekarun da ake koyarwa game da Yammacin Turai tsakanin ƙarni na 7 da na 12. Masu rubuta su 'yan zuhudu ne, waɗanda malamanmu ke kira ruhubanawa: mazan da suka bar aure da dukiya suka tare a gida ɗaya ƙarƙashin shugaba, suna ibada da noma da kwafar littattafai. Kowane layi a kundinsu ya bi ta hannaye da yawa kafin ya iso gare mu. Kwafin Saint Gall ɗin nan ma na ƙarni na 10 ne, wato wanda ya zana layin 709 bai ga wannan hunturun ba, daga wani tsohon rubutu ya ɗauko.

Lissafin Ista ne ya buɗe hanya

Bikin Ista, wanda Kiristoci ke yi don tunawa da tashin Almasihu daga matattu, ba ya da tsayayyar rana. Ƙa'idar ita ce Lahadin farko bayan cikar wata da ta faɗo a ranar 21 ga Maris ko bayanta, don haka yana yawo tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu. Ba duban wata suke yi ba, lissafa shi suke yi, domin azumin kwana 40 da ke gabansa dole a san mafarinsa tun da wuri. Lissafin ya dogara da cewa shekarun rana 19 sun yi kusan daidai da watannin sama 235, ranakun mako kuma a kalandar Juliyas suna komawa gurbinsu duk shekara 28. Idan aka ninka 19 sau 28 za a sami 532, bayan haka jerin ranakun Ista sai ya sake daga farko.

A shekarar 525 wani ɗan zuhudu a Roma, Dionysius Exiguus, ya tsara jadawalin Ista na shekara 95. Jadawalin da ya gada yana ƙirga shekaru ne daga hawan sarki Diocletian, wanda ya gallaza wa Kiristoci, sai ya ƙi bin wannan, ya ƙirga daga haihuwar Almasihu. Asalin shekarar Miladiyya ke nan. A gefen jadawalin biki aka haife ta, kuma ta daɗe ba a ɗauke ta a matsayin ma'aunin tarihi ba.

Rigimar lissafin ba ƙarama ba ce. Cocin Ailan da 'yan zuhudun da ya horar suna bin zagayen shekara 84, na Roma yana bin na 19. A fadar Northumbria, a arewacin Ingila, sarki Oswiu ya tashi a hannun 'yan Ailan, matarsa Eanflæd kuma ta taso a tsarin Roma. Akan sami shekarar da sarki ya sauke azumi yana shagalin Ista, sarauniya da mutanenta na da sauran mako guda. Duk wanda ya ga garin da wasu ke Sallah wasu na azumi ya san abin da wannan ke jawowa a cikin gida ɗaya. Taron Whitby na 664 ne ya yanke hukunci aka bi Roma.

Jadawalin kansa layi-layi ne, kowace shekara da layinta, a gefe kuma akwai ɗan fili fari. A wannan filin wani zai sa: shugaban gida ya rasu, wani ya ƙara: an yi annoba. Gidan maƙwabta ya ari jadawalin don kwafa, ya kwafe har da bayanan gefe, ya ɗora nasa. Masana da yawa na ganin ta nan kundin shekara-shekara ya samo asali, ko da yake wasu na cewa a Ailan al'adar ta tashi da ƙafarta. Ko ma yaya ne, wannan ya bayyana siffar kundin: layi gajere saboda fili kaɗan ne, shekara kuma ana rubuta lambarta ko ba abin faɗa.

Tarihin coci kogi ne dabam

Wanda ya kafa fannin tarihin coci shi ne Eusebius, bishop na Kaisariya a Falasɗinu, wanda ya kammala littafinsa mai kashi 10 wajen 325. Marubutan Girka da Roma kafinsa sukan ƙirƙiri jawabi su sa a bakin sarki ko kwamanda. Shi kuwa ya riƙa kwafo wasiƙu da dokoki da sassan littattafai yadda suke, ya jera bishop-bishop na manyan birane ɗaya bayan ɗaya har zuwa manzannin Almasihu. Rufinus ya mayar da shi Latin a farkon ƙarni na 5, ta haka ya shiga gidajen zuhudun Yamma.

Wanda ya haɗa wannan salo da lissafin jadawali shi ne Bede, na gidan Wearmouth da Jarrow a Northumbria. An kai shi gidan yana ɗan shekara 7, a nan ya rayu har ya rasu a 735. Tun kafin ya rubuta tarihi gwani ne a lissafin lokaci, har ma ya taɓa jawo wa kansa magana: ya ƙirga shekara 3952 daga halittar duniya zuwa haihuwar Almasihu, maimakon fiye da 5000 da aka saba, sai aka zarge shi da bidi'a a 708. Littafinsa na tarihin cocin mutanen Ingila, mai kashi 5, ya kammala shi a 731.

Gabatarwar littafin ita ce wurin da ya kamata a tsaya. Bede bai yi yawon ƙasa ba, wasiƙa ce ƙafarsa, kuma ya faɗi wanda ya ba shi kowane yanki. Labarin Kent daga Albinus, shugaban gidan zuhudu a Canterbury. Wasiƙun Fafaroma Gregory daga Nothhelm, wani limamin coci na Landan da ya je Roma ya binciki ma'ajiyar takardu da izini. Labarin masarautar Saxon ta Yamma, a kudancin Ingila, daga bishop Daniel. Na Northumbria daga shaidu masu yawa da abin da shi kansa ya sani. Ɗalibin hadisi zai ga kama da isnadi a nan, amma kamar ba ta kai ƙarshe ba: Bede yana faɗin daga wa ya ji, ba ya auna masu ruwaya ɗaya-ɗaya, kuma ya ce a fili zai rubuta har abin da ya yaɗu a bakin jama'a. Shi ya sa labaran karamomin waliyyai suke zaune kafaɗa da kafaɗa da wasiƙun da aka kwafo daga Roma.

Babban aikin da ya sha shi ne daidaita shekaru. Takarda ɗaya ta ce shekara ta kaza ta sarautar wane a Kent, wata ta ce ta kaza ta sarkin Rum na Gabas, wata kuma ta ba da lambar zagayen haraji na Rumawa mai shekara 15. Duk sai ya juye su zuwa Miladiyya. Baftismar sarki Edwin na Northumbria ya ba ta ma'auni biyu a haɗe: shekara ta 11 ta sarautarsa, 627, ranar Ista, 12 ga Afrilu, a York. Matsalar ƙirga da shekarun sarauta, wadda duk mai aiki da jerin sarakunan Kano ya sani, ita ce guntayen watanni: sarki ya yi shekara 8 da wata 7, a rubuta 8 ko 9, kuskuren ya yi ta taruwa. Akwai ma wadda ta fi wannan. Bede ya faɗa da bakinsa cewa bayan mutuwar Edwin sarakuna biyu, Osric da Eanfrith, sun koma addinin gargajiya, sai masu ƙirga suka amince a shafe sunansu a ɗora shekararsu kan sarautar Oswald da ya biyo baya. Jerin sarakuna ke nan da aka gyara saboda aƙida.

Shi ma Bede yana da nasa gefen. Ba ya ƙaunar Kiristocin Birtaniya na asali, labarin masarautar Mercia kaɗan ne a wurinsa, Patrick, babban mai yaɗa Kiristanci a Ailan, ko sunansa bai ambata ba. A wasiƙar da ya aika wa bishop Egbert a 734 ya koka da gidajen zuhudun bogi da masu mulki ke kafawa don kauce wa hidimar sarki, alhali littafin da ya gama shekara uku kafin nan ya rufe da hoton zaman lafiya. Wanda ya karanta littafin bai karanta wasiƙar ba, rabin labari ya ji.

Daga fatar maraƙi zuwa shafi

Takarda ba ta wadatu a arewacin Turai ba sai can bayan ƙarni na 13, don haka a fata ake rubutu. Ba jima ake yi mata ba. Ana jiƙa fatar maraƙi ko tunkiya ko akuya a ruwan farar ƙasa na kwanaki har gashi ya saki, a kankare, a ɗaure a jikin katako a ja ta sosai, a ci gaba da kankara da wuƙa mai lanƙwasa kamar jinjirin wata tana bushewa, a goge da dutse mai kaushi. Ɗan yanka ƙanƙane da aka yi wajen fiɗa, idan aka ja fatar sai ya buɗe ya zama rami, marubuci ya kewaye shi da rubutu. A babban littafi fata ɗaya ganye biyu kawai take bayarwa. Baibul ɗin da ake kira Codex Amiatinus, wanda aka yi a gidan su Bede, ganyensa kusan 1,030 ne, wato fatar maraƙi sama da 500, nauyinsa ya haura kilo 30, kuma guda uku irinsa suka yi. Wanda ya san haka ba zai yi mamakin gajartar layin kundi ba.

Ana haɗa falle huɗu a ninke su zama ganye 8, shafi 16, gefen gashi na fuskantar gefen gashi don launi ya daidaita. A huda gefe da tsinke, a ja layuka. Alƙalami gashin fiffiken dinya ne, ana fiƙe shi a kai a kai. Tawada kuwa daga wani ƙulli ne da ke fitowa a itacen oak, mai sinadari dangin na bagaruwa: a daka, a jiƙa, a zuba gishirin ƙarfe mai launin kore, a sa ƙaro don ta kama. Tana fita da haske-haske sannan ta yi baƙi. Idan gishirin ya yi yawa, da shekaru sai ta cinye fatar. Daftari a allon kakin zuma ake yinsa a shafe. Sanyi ma na tsayar da aiki. Shugaban Jarrow ya rubuta wa bishop Lul na Mainz a 764 yana ba da haƙurin jinkirin kwafar littattafan Bede saboda hunturu ya daskarar da hannun marubuta, Orderic Vitalis na gidan Saint-Évroult a Normandi kuma ya rufe kashi na 4 na tarihinsa da cewa sanyi ya kama masa yatsu, sai bazara.

Labari yana shigowa ta baƙin da ke kwana a gidan, ta wasiƙu, da kuma naɗaɗɗiyar fatar ta'aziyya: idan babba ya rasu, ɗan aike zai zaga gidaje da ita kowane gida ya rubuta addu'a. Ta Vitalis na Savigny, wanda ya rasu a 1122, ta zaga gidaje sama da 200, ɗan aiken kuwa ba ya zuwa da baki rufe. Wani kundin Ingila na ƙarni na 13 ya bar mana ƙa'idar aiki: a rataya falle a jikin littafi, a riƙa sa mutuwar manya da labaran ƙasa da dalma, a ƙarshen shekara wanda aka naɗa, ba duk wanda ya ga dama ba, ya zaɓi abin da ya fi inganci ya shigar a taƙaice, a cire fallen a sa sabo.

Inda ake tuntuɓe

Na farko, yaushe shekara ke farawa? Wasu gidaje daga Kirsimeti, wasu daga 25 ga Maris, wasu daga Satumba, a Faransa daga baya har daga Ista. An naɗa Charlemagne sarkin sarakuna a Roma ranar 25 ga Disamba 800, amma kundin fadar Faransawa ya sa abin a 801, domin a wurinsu ranar ce sabuwar shekara ta kama. Ba kuskure ba ne, ma'auni ne dabam. Duk abin da ya faru tsakanin Kirsimeti da ƙarshen Maris sai an tambayi wace al'ada marubucin ke bi. Ingila ba ta daina fara shekarar hukuma daga 25 ga Maris ba sai 1752.

Na biyu, zamewar ido da hannu. Lambobin Rumawa 'yan sanduna ne, sanda ɗaya ta ɓace shekara ta canja. Kundin Anglo-Saxon, kundin shekara-shekara na Ingila wanda aka fara haɗawa zamanin sarki Alfred wajen 890, ya ce 'yan Viking, maharan teku daga arewacin Turai, sun afka wa gidan zuhudun tsibirin Lindisfarne a 793 ranar 8 ga Janairu. Tsallaka tekun arewa da jirgin ruwa a tsakiyar hunturu abu ne mai wuya, kuma wata majiyar arewa ta ce Yuni. A gajarce, sunayen watannin biyu da Latin Ian da Iun ne, harafi ɗaya ya raba su. A wannan kundin dai, daga tsakiyar ƙarni na 8 zuwa tsakiyar na 9, shekarun sun goce da biyu, wani wurin uku. Shekarun da ba a rubuta komai gabansu ba su ne tarkon: mai kwafa ya tsallake lamba biyu marasa bayani, duk abin da ya biyo baya ya matsa. Tunda kuskuren yana cikin dukkan kwafe-kwafen da suka tsira, an gane duk daga uwa ɗaya suka fito. Haka ake gano dangantakar rubuce-rubuce: kuskure iri ɗaya a wuri ɗaya alamar jini ɗaya ce. Akwai kuma tsallaken layi, inda kalma ɗaya ta ƙare layuka biyu ido ya faɗa kan ta biyu, da sharhin gefe da mai kwafa ya ɗauka mantuwa ce ya cusa cikin matani.

Husufi ne alƙalin da ba ya karɓar toshiya, don ana iya lissafa shi baya. Bede ya sa husufin rana na 664 a 3 ga Mayu, lissafin taurari ya nuna 1 ga Mayu ne, kamar yadda wani kundin Ailan ya rubuta. Masana da dama na ganin an matsar da ranar ne don ta dace da jadawalin watan da aka amince da shi.

Na uku ya fi nauyi, domin da gangan ake yinsa. Gidan zuhudu mai gonaki ne da haraji da shari'u, kundinsa kuma hujja ce a gaban sarki da bishop. Gobara ta cinye gidan Peterborough, a Ingila, a 1116. Wajen 1121 suka aro kwafin kundin Anglo-Saxon suka sake kwafa, amma suka cusa dogayen bayanai a ƙarƙashin shekarun 656 da 675 masu cewa sarki Wulfhere ya ba su filaye kaza da kaza, Fafaroma Agatho kuma ya 'yanta su daga ikon bishop. Harshen ne ya tona asiri: Turancin ƙarni na 12 a tsakiyar na da. A Glastonbury ma gobara aka yi a 1184, sai ga shi a 1191 sun sanar da gano kabarin Arthur, shahararren sarkin almarar Birtaniya, daidai lokacin da ake neman kuɗin gini. Yawancin masu wannan aiki ba sa jin ƙarya suke yi. A ganinsu filin nasu ne tun kaka da kakanni, takarda ce ta ɓata, suna mayar da abin da ya kamata a ce yana nan. Wannan uzurin bai sa takardar ta zama ta ƙarni na 7 ba, amma tana da amfani a matsayin shaidar abin da gidan ke nema a 1121.

Tsoro ma yana gyara rubutu. Matthew Paris na gidan St Albans, wanda ya riƙe babban kundinsu har rasuwarsa a 1259, sananne ne har a fada: a wani biki a Westminster a 1247 sarki Henry na III ya kira shi ya zaunar da shi kusa ya ce ya rubuta abin da ya gani. Shi kuwa alƙalaminsa bai bar sarki ba, bai bar wakilan Fafaroma ba. Daga baya ya bi gefen shafukansa yana sa alamar a tsallake wannan domin zai ɓata rai, a wani taƙaitaccen kwafi kuma ya kankare wasu wurare ya sassauta harshe. Daɗin abin shi ne littafin da ya rubuta da hannunsa ya tsira, ana ganin zargin da kuma ja da bayan.

Yadda masu fannin ke karantawa

Wanda ya shimfiɗa ƙa'idar tantance tsofaffin takardu shi ma ɗan zuhudu ne, Jean Mabillon na Faransa, a littafin da ya fitar a 1681 don kare takardun gidajen zuhudu masu bin tsarin Benedict daga zargin jabu. Ya ce ba a yanke hukunci da alama ɗaya. A duba fata, tawada, salon hannu, harshe, laƙabin sarki, hatimi, shaidu da kwanan wata gaba ɗaya. Gwaji mafi sauƙi shi ne na zagayen shekara 15: a ƙara 3 kan shekarar Miladiyya a raba da 15, ragowar ita ce lambar. Shekarar 731 da 3 ta zama 734, a cire 720, saura 14. Takardar da ta ce 731 amma ta ba da lamba 9, ko mai kwafa ya zame ko maƙirƙiri bai iya lissafi ba. Haka shaidu: bishop da ya sa hannu shekara biyar bayan mutuwarsa ya gama magana.

A kundin shekara-shekara tambayar farko ita ce daga ina marubuci ya daina kwafa ya fara faɗin abin da ya gani. Ido ke ba da amsa. A littafin Peterborough, wanda yanzu yake ɗakin karatu na Bodleian a Oxford, hannu ɗaya ne da tawada iri ɗaya tun daga farko har 1121, alamar zama ɗaya aka yi ana kwafa. Daga 1122 zuwa 1131 hannun bai canja ba, amma launin tawada da kaurin alƙalami suna sauyawa daga sashe zuwa sashe, wato yana dawowa lokaci-lokaci yana ƙarawa, kuma nan ne shaidarsa ta fi ƙarfi. Daga 1132 zuwa 1154 wani hannu ne dabam, ya rubuta duka a tashi ɗaya bayan an gama komai. Shi ya sa shahararren bayanin azabar da masu ganuwa suka gana wa talakawa zamanin sarki Stephen, ko da yake an ajiye shi gaban 1137, yana maganar shekara 19 na sarautar baki ɗaya, abin da mai rubutu a 1137 ba zai iya sani ba. Shafin ƙarshe ya goge har wasu kalmomin ba sa karantuwa sosai, kuma abin da ke kansa labarin gida ne: sarki Stephen ya mutu, Henry ya hau, shugaban gidan Martin ya rasu, an zaɓi William na Waterville a madadinsa.